Burtuntuna a Tulun Irinmu

Har yau ba na son ganin baƙi a ƙarƙashin farcena. Ko na gawayi ne, ko na gindin tukunya, sai in ji tsigar jikina ta tashi, yawu ya taru mini a baki in rasa inda zan tofar. Ƴaƴana dariya suke yi mini, wai matar da ta ƙare ƙuruciyarta cikin hanjin kifi da hayaƙin banda ita ce ke ƙyamar ɗan baƙi. Su yi ta dariyarsu. Hanjin kifi kana ganinsa, kana jin warinsa, ka sa ruwa da toka ka wanke ya tafi. Abin da zan ba da labarinsa sai da muka shiga damina ta uku da shi a gidana kafin in san ko mene ne.

Ni haifaffiyar Gaya ce, ƴar direban kamiyo, babbar motar kaya. A gidanmu babu wanda ya taɓa riƙe hauya. Na yi lakwal, wato karatun boko, daidai gwargwado, sannan na auri Basarke, masunci ɗan masunci, daga wata tunga ta bakin kogi a ƙasar Tunuga. Shi ya kamo kifi, ni in yi banda, in ɗauko zuwa kasuwar Gaya. Haka muke zaune lafiya, har wata safiya dorina ta kifar da jirginsu shi da ƙanensa. Shi ya fito. Ƙanen sai gawarsa aka tsinta can ƙasa, wajen iyakar Najeriya.

Bayan an share makoki na tare shi a tsakar gida, da goyo a bayana. Na ce, “Maigida, ni fa na gaji. Ba zan ƙare rayuwata ina leƙen kogi kowace safiya ina jiran a kawo mini gawarka a tabarma ba.”

Ya ce, “Uwar yara, na ji. Zan gwada tudu damina uku. In gona ta ciyar da mu, na bar ruwa ke nan har abada. In ba ta ciyar da mu ba, zan koma, kuma kada ki ƙara buɗe mini baki a kai.”

Mutum ne mai magana ɗaya, wannan kowa ya shaide shi. Ranar ya jawo jirginsa daga ruwa, ya kife shi a gindin giginya, ya naɗe taru ya rataye a ɗaki. Dangin uwarsa suka ba shi wata gona a can bayan gari.

To, manoman wurin ba su bar shi ya sarara ba. Tsakaninsu da Sarkawa masunta da ma akwai wasa. Da ya saɓa hauya zai wuce, sai ka ji an ɗaga murya: “Sarkin ruwa! Yau tarwaɗa nawa ka tono?” Wani ya ce a ba shi filafilin tuƙa jirgi ya yi noman da shi, zai fi masa sauƙi. Yakan yi murmushin yaƙe ya wuce, amma ni da nake kwana da shi na san abin yana cinsa. Saboda haka bai taɓa tambayar kowa komai ba. Daga nesa yake hangen yadda ake yi, ya dawo ya kwaikwaya.

Daminar farko dawar kasuwa ya sayo ya shuka, irin wadda ake aunarwa a tiya don tuwo. Ba laifi, ta yi. Sai dai cikin zangarniyoyin akwai ƴan kaɗan da suka fito wata iri. A maimakon tsaba, wasu ƴan jakunkuna ne dogwaye masu ruwan toka. In ka matsa ɗaya sai ta fashe, baƙin gari mai laushi ya zubo. Wani maƙwabcin gona ya leƙo ya ce, “Burtuntuna ce, ba a rasa ta,” ya yi gaba abinsa. Ni tun ganin farko raina bai so ta ba. Wani wari gare ta kamar na ɗakin da aka rufe duk damina.

Maigida kuwa ya kwaso su ya kawo gida, yana jujjuya su kamar ya tsinci abin arziki. Da ma ya hangi manoma suna cakuɗa irinsu da toka kafin su adana, don kada ƙwari su ci. Sai ya kira ni gindin rumfar banda ya nuna mini sama.

“Dubi itacen rufin nan,” ya ce. “Kin taɓa ganin gara ta taɓa shi?”

Na ce a'a.

“Saboda kunkunniya. Kifi ma wanda ya sha hayaƙi ya yi baƙi shi ke daɗewa. To wannan kunkunniya ce Allah ya halitta a jikin dawa don ta tsare ƴan'uwanta. Su manoman nan toka suka sani. Suna zubar da magani suna neman magani.”

Na ce, “Ni dai kada ka kawo mini wannan ƙazanta kusa da abinci.”

Ina dawowa daga rijiya sai na tarar da shi, namiji guda, ya durƙusa yana dakan burtuntuna a turmina. Turmina na fura! Wallahi ranar sai da maƙwabta suka ji muryata. Bai ko kalle ni ba. Ya zaɓi zangarniyoyi mafi kyau ya sussuke, ya zuba baƙin garin a kai, ya cuɗa da hannu har kowace tsaba ta yi duhu. Ya ɗura a tulu, ya liƙe bakin da laka. Ni kuma na wanke turmin nan har hannuna ya yi kanta, amma na yi mako ina jin warin a fura.

Da ruwan shuka ya sauka ya fasa lakar. Babu ƙwaro ko ɗaya, babu tsaba ɗaya mai huji. Ya ɗebo ya miƙo mini har gaban hanci yana cewa, “To, malama mai lakwal, me kika gani?” Gaskiya kam iri ya fito lafiya.

Damina ta biyu ita ta nuna mini ƙazantar duniya. Da dawa ta fid da kai, ko ina ka duba a gonar ga baƙi, ga baƙi. Muka girbe duka, mai kyau da marar kyau, don ba mu da halin zubarwa. Ranar sussuka kuwa, wayyo Allah. Taɓarya na sauka sai wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Ya shiga ido, ya shiga hanci, ya kwanta a harshe. In na yi kaki baƙi ne. Majinar yarana baƙa. Goyon da ke bayana, da na sauke shi, har cikin kunnensa. Na yi shiƙa, iska ta kwashe garin ta kai kan shanyar maƙwabciya, ta fito tana tafa hannu tana tambayar ko maƙerar aljanu muka buɗe. Daga ranar matan unguwa suka daina aron turmina, su da ba sa wuni ba su aiko ba.

In zan yi tuwo sai na wanke tsabar na sake wankewa, wani baƙin kumfa yana tasowa a kan ruwan, yana manne wa ƙwarya. Duk da haka tuwon ya fito kamar an tuƙa shi da ruwan wanki. Babbar ƴata ta kai loma baki, ta dube ni, ta fita waje da gudu. Ban dake ta ba, don ni ma da ƙyar nake haɗiyewa. Hatsin bai kai mu bazara ba. Na koma sarin kifin wasu ina banda, da shi muka ƙarasa shekarar. Kowace safiya in na je karɓar kifi a bakin kogi, sai in ga maigida tsaye a gindin giginya yana kallon jiragen da ke fita.

Na ce masa, “Anya ba garin nan naka ne ya jawo mana ba?”

Ya ce, “Ke dai ba ki son shi tun farko. Ƙasar ce ta gaji, ruwa kuma ya zo a karkace. Iri dai kin ga yadda ya fito.” Da ya tashi adana na baɗi sai ya ƙara yawan garin, tun da bana ya samu a wadace.

Damina ta uku, ta ƙarshe a alkawarinmu, ni na bi shi a baya. Yana sara da sungumi, ina jefa iri ina rufewa da ƙafa. Kafin hantsi hannuna ya yi baƙi har wuyan hannu, gumi ya kwaɓa shi ya zama kamar kwalli. Rabin tulun muka shuka, ya ajiye rabi ko da shukar farko za ta ƙone. Ba ta ƙone ba. Ta tsiro shar, kore har da sheƙi, ta fi ta kowa kyau a wannan gefen.

Ranar kasuwar Gaya ina zaune gaban kifina, kusa da wata tsohuwa mutuniyar Zabori mai sayar da gishirin Foga. Mun saba, Inna nake ce mata. Ta kama hannuna ta duba farcen, don baƙin ya ƙi fita, ta ce, “Ƴar nan, rini kika koma?” Na kwashe labari na gaya mata, har ina ɗan yabon dabarar maigida don kada in kunyata shi a bakin baƙuwa.

Tsohuwar nan ta saki hannuna kamar ta taɓa wuta. “La'ilaha illallahu! Burtuntuna kuka zuba a iri? Da hannunku?” Ta goge tafinta a zane. “Mu ko kusa da zangarniyar iri ba ma bari ta zo. Iri take bi, ƴar nan, iri take bi!”

Na san in na koma na ce wata tsohuwa ce ta faɗa, maigida zai ce manoma ne da baƙin cikinsu. Na bar wa Inna jiran kifin, na hau kabu-kabu zuwa biro, wato ofishin malaman gona. A bakin zanena da ma akwai ƴan tsabar iri da suka rage mini ranar shuka.

Wata malama na tarar, ba ta kai ni shekaru ba. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta kankare ɗan garin daga tsaba ɗaya, ta ɗiga ruwa, ta sa a ƙarƙashin madubin nan da ke ƙara girman abu, ta ce in leƙa.

Na leƙa. Ƙwai na gani. Ƴan ƙulalai masu ruwan ƙasa, cunkus, ɗaya kan ɗaya, sak ƙwan da nake yagowa daga cikin tarwaɗa. Na ja da baya na toshe baki.

Ta ce, “Yaya, wannan ba toka ba ce, ba kunkunniya ba. Abu ne mai rai, dangin fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Kowace ƙwayar garin nan irinta ce. Ba ta iya rayuwa ita kaɗai, sai a jikin dawa.”

Ta bi mini shi daki-daki. Ƙwayar tana manne a bayan tsaba, tana barci duk rani, zafi bai dame ta ba. Ranar da aka shuka tsabar, laimar da ta tashi dawa ita ke tashinta. Sai ta tsiro, ta fid da wasu ƴan ƙanana iri biyu, kuma sai ɗaya daga wannan ya sami ɗaya daga wancan sun haɗu sun zama guda kafin su iya cuta. Daga nan su fid da zare siriri, ya huda ɗan tsiron tun yana ƙarƙashin ƙasa, bai ko ga rana ba. Zaren ya zauna a can cikin zuciyar karan. Kara na tsawo yana binsa sama, babu alama a ganye, babu alama a jiki. Sai dawa ta yi ciki za ta yi ƴaƴa, sannan ya shige gurbin kowace tsaba ya cika shi da nasa ƙwan. A sussuka jakunkunan su fashe, su bi tsaba mai lafiya, shekara ta zagayo.

Na ce, “Wato aure suke yi a gonata.”

Ta ce, “Kusan haka.”

Tir! Ni na bi bayan miji cikin rana ina kai su ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ina rufe su da ƙafata. Na shaƙe su, na haɗiye su, na ɗura wa ƴaƴana a kunu. Na fita bayan biron na yi ta kakarin amai, babu abin da ya fito.

Da na dawo na tambaye ta ƙwarin da ba su ci irin ba. Ta ce lakar da aka liƙe tulun da ita ce ta hana su iska, ba garin ba. Na tambaye ta maganin da za a fesa wa gonar. Ta girgiza kai, ta ce abin da ya riga ya shiga kara babu mai fid da shi. Amma damina ba ta yi nisa ba. In muka tuge shukar cikin makon nan, muka sa iri mai saurin nuna, za mu iya samun abin kaiwa rumbu. Ta ba ni iri mai tsabta, ta cuɗe shi a gabana da wani jan garin magani, ta gargaɗe ni kada yara su taɓa.

A gona na sami maigida yana noman farko. Ban ko yi sallama da kyau ba na zazzage masa komai, ƙwan, auren, zaren, duka. Ya dogara da hauya yana saurare. Sannan ya tuge tsiro ɗaya, ya tsaga shi da farce, ya miƙo mini.

“Ina zaren?”

“Ba a gani da ido, Maigida.”

“Ba a gani da ido.” Ya waiwaya ya dubi gonar, iska na kaɗa ta. “Shekara uku ana yi mini dariya. Yau da na fi su kyan shuka, shi ne zan sa hannu in tuge, a kan abin da ba a gani da ido? Su ce me? Basarke ya haukace?”

Na roƙe shi. Na yi kuka, na yi faɗa, na tuna masa ƙanensa, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce in na ƙara ambatar mamaci a kan maganar dawa zan ga ɓacin ransa. Ya kuma hana ni taɓa rabin irin da ke tulu, ya ce sai kaka ta raba mu. Don haushi na ɗauki jan irin malama na shuka a ɗan filin bayan ɗakina, inda nake zubar da tokar banda. Wurin bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba.

Ban taɓa ganin damina mai tsawon wannan ba. Dawarsa ta yi kara kamar rake. Manoman da ke tsokanarsa suka koma tsayawa suna cewa, “Sarkin ruwa, bana kam ka yi abin kai.” Yana dawowa gida da fara'a, har yana wasa da yara. Ni kuwa in na kai masa abinci gona, na shiga tsakanin karan nan, sai in ji jikina yana ƙaiƙayi. Ganye ya shafe ni in goge wurin. Na san abin da ke hawa a cikinsu, kuma wani lokacin har addu'a nake yi Allah ya sa malamar nan ta yi kuskure, in sha kunya in huta.

Ba ta yi kuskure ba. Da kawunan suka fito sai ka yi tafiya mai nisa cikin gonar kafin ka ga zangarniya mai tsaba. Ko tsuntsaye ba su sauka ba. Na bayan ɗakina kuwa ta fito fes, babu baƙi ko ɗigo, amma duka-duka dami ɗaya ce. Maigida ya tsaya a gabanta ya daɗe. Ya murza zangarniya ɗaya a tafinsa, ya dubi tafin, ya ga babu komai.

Ya ce a hankali, “Ashe ƙwai ne.”

Na ce, “Yanzu ai mun sani. Ga iri mai kyau, ga magani. Ka ƙara damina ɗaya, Maigida, ɗaya tak. Don Allah, don yaran nan.”

Ya ce, “Uku na ce.”

Washegari ya birkice jirgin daga gindin giginya ya fara toshe tsagoginsa. Na tsaya ina kallo cike da baƙin ciki da haushi. Na shiga ɗaki na rungumo tulun nan da ragowar baƙin irin, na kai bakin ruwa na dire a gabansa.

“To tun da tafiya za ka yi, ɗauki tsiyarka. In ka kai tsakiyar kogi ka juye ta, kada in ƙara ganinta.”

Ya ɗago da sauri, fuskarsa ta canza kamar na zage shi. “A kogi? Ƙwai ne fa kika ce! In zuba wa ruwa wannan ƙazantar?”

Ya ɗauki tulun ya hau tudu da shi, nesa da gaɓa sosai. Ya tara kara, ya juye irin a kai, ya cinna wuta, ya tsaya har ta cinye. Ya fasa tulun, ya haƙa rami ya binne tokar da guntayen tulun duka. Da ya gama bai wanke hannunsa a kogi ba. Buta ya sa na kawo masa, ya wanke a kan yashi, sannan ya tura jirgi.

Gonar tana hannuna yanzu, ni da ƴaƴana, kuma tana ciyar da mu. Kowace kaka ina bin kunya-kunya da buhu, in na ga baƙin kai in yanke shi a hankali in kai wuta, ina tofar da yawu. Maigida yana can ƙasan kogi yana su, sai ruwa ya ja baya yake zuwa gida. Yana cin tuwon dawar, fari tas, ya ce an gode, bai taɓa tambayar ko dami nawa muka samu ba. Ni kuma da safe, kafin in saɓa hauya, sai na fara zuwa na leƙa kogi.